Katako: Inda fim ɗin Japan ya fi 'Shaihu Umar' sauƙin samu

Duk wanda ya taɓa yin sammako a kasuwar Katako da ke Jos ranar fasa dila ya san abin da ake kira zaɓe. Tun hazo bai washe daga kan duwatsu ba masu saye suke yin cirko-cirko, hannuwa cikin aljihu saboda sanyi, suna jiran a yanke ƙarfen da ya ɗaure dilar gwanjo. Da an yanke sai kowa ya duƙa. Mai gaggawa ya ɗauki na sama ya wuce. Wanda ya san kan abin kuwa sai ya tona har ƙasa, ya shafa yadi, ya duba ɗinki, ya fito da rigar sanyin da ta girmi mai sayenta amma ko zare ɗaya bai saki ba.

A wannan kasuwa yayana yake sayar da rigunan sanyi, kusan shekara 20 ke nan. Karatunsa na boko bai wuce sakandare ba, ni kuwa da na yi digiri a Turanci har yau ban kama ƙafarsa a sanin fim ba. Yana da wani littafi mai baƙin bango da yake ajiyewa a ƙarƙashin benci. Ta gaba sunayen masu bashi ne. Idan ka juya shi ta baya sai ka tarar da jeri biyu: a hagu finafinan da ba su fito ba yake jira, a dama tsofaffin da aka yi tun kafin a haife shi yake nema. Duk wanda ya kalla sai ya ja masa layi.

Na je hutu Jos daga Abuja, na zauna a rumfarsa kwana uku ina bin littafin nan shafi-shafi. A jerin dama na ga layuka sun bi ta kan finafinan Japan da Italiya da Iran da Senegal. Suna ɗaya ne a can sama, tawadarsa har ta koɗe, ba a ja masa layi ba: Shaihu Umar.

Kalandar mai jira

Mai jiran fim yana da tasa kalandar, kamar yadda manomi yake da tasa. A watan Fabrairu kunnensa yana birnin Berlin na Jamus. A shekarun da ba su rabuwa biyu, ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris na Wagadugu ne, inda ake bikin FESPACO, uban bukukuwan fim na Afirka. Watan Mayu na Cannes ne a Faransa, ƙarshen Agusta na Venice, Satumba na Toronto. Daga nan sai a dawo gida: AFRIFF a Legas wajen Nuwamba, sannan bikin Zuma a Abuja a watan Disamba. A tsakani ga Ƙaramar Sallah da Babba, lokacin da masu shirya finafinan Hausa suka saba sakin abin da suka fi ji da shi.

Yaya bai taɓa taka ko ɗaya daga cikin waɗannan bukukuwa ba. Amma da an fitar da jerin finafinan da za su fafata, a daren zai bi su ɗaya bayan ɗaya, ya kalli somin-taɓin da aka saki na minti biyu, ya karanta abin da masu sharhi suka ce, ya zaɓi uku ko huɗu ya rubuta a hagu.

Haka ya yi da My Father's Shadow na Akinola Davies Jr., fim ɗin Najeriya na farko da ya shiga zaɓaɓɓen jerin bikin Cannes, a watan Mayun 2025. Labarin wasu yara biyu ne da suka yi yini guda tare da mahaifinsu a Legas a tsakiyar rikicin zaɓen 1993. Haka kuma ya yi da Mai Martaba, fim ɗin Hausa na sarauta da aka ɗauka a Daura, wanda Najeriya ta miƙa wa gasar Oscar a 2024. Kafin su akwai The Milkmaid na 2020, wanda mafi yawan maganarsa da Hausa ce, da Mami Wata da ya ciyo kyautar ɗaukar hoto a bikin Sundance a 2023.

Jiran yakan yi tsawo. Fim zai fito a Turai, a yi wata huɗu kafin ya iso silimar Legas da Abuja, a ƙara wasu watanni kafin ya hau intanet. Na tambaye shi ko abin ba ya gundurarsa. Ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan boko, ai jiran ma rabin daɗin ne. Wanda bai yi azumi ba ina ya san daɗin buɗa-baki?"

Garin da ya san majigi

Ba abin mamaki ba ne a sami irin wannan mutum a Jos. Haƙar kuza ce ta tara jama'ar garin daga kowace kusurwa, kuma inda ma'aikata masu albashi suka taru, nan silima take kafa gindi. Waɗanda suka tashi a tsakiyar gari suna tuna layin sayen tikiti a silimar Kwararafa, da yadda ake fitowa cikin dare ana rera waƙar Indiya ba tare da an san ma'anarta ba.

A Jos ne hedikwatar Hukumar Finafinai ta Najeriya take, wadda aka kafa da doka a 1979. A nan ne Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa take, wadda aka buɗe a 1995, kuma ita ta yaye Kenneth Gyang, ɗan Filato da ya shirya Blood and Henna da Hausa, kuma fim ɗinsa Confusion Na Wa ya zama gwarzon fim a gasar AMAA ta 2013. A kewayen Jos aka ɗauki Cock Crow at Dawn, wasan talabijin da ya riƙe ƙasar nan a farkon shekarun 1980. Garin ya ba masana'antar Kannywood marigayi Ahmad S. Nuhu da Sani Mu'azu da Nafisa Abdullahi da Sadiq Sani Sadiq. Shi kansa Ali Nuhu, wanda aka naɗa shugaban Hukumar Finafinai a watan Janairun 2024, a Jami'ar Jos ya yi karatu.

Abubuwa biyu ne suka kwantar da tsohuwar silimar garin. Na farko kaset ɗin bidiyo, wanda ya mayar da kallo cikin ɗaki. Na biyu rikice-rikicen da suka biyo bayan Satumban 2001, da dokar hana fitar dare da ta riƙa zuwa tana komawa. Wanda yake lissafin hanyar da zai bi ya isa gida lafiya ba ya zuwa kallon ƙarfe tara na dare. Masu son fim ba su ƙare ba, sun dai koma gidan kallo na unguwa, daga nan suka koma faifan CD, daga bisani suka koma cikin waya.

Abin da ke cikin waya

Finafinan jerin dama su ne waɗanda za a iya kira finafinan nazari: waɗanda mai shirya su ya sa abin da yake son faɗa a gaba, kasuwa a baya. Ba su cika gudu ba, ba lallai jarumi ya yi nasara ba, kuma sau da yawa sai bayan an kashe waya suke fara aiki a zuciya. A da, sai wanda ya je jami'a a Turai ko yake da hanya a cibiyar al'adu ta wani ofishin jakadanci yake ganin su. Yanzu suna cikin aljihun mai gwanjo.

Hanyoyin samun su ba ɗaya ba ne. Akwai manhajar MUBI, wadda aka kafa a 2007 don irin waɗannan finafinai, ana biyan ta wata-wata, kuma abin da take nunawa ya danganta da ƙasar da mutum yake. Akwai Criterion Channel mai tarin tsofaffin finafinai, sai dai a Amurka da Kanada kawai take aiki. Sannan akwai na kyauta kuma na halal: kamfanin Mosfilm na Rasha ya ɗora manyan finafinansa a shafinsa na YouTube, har da na Andrei Tarkovsky, ita ma ma'adanar finafinai ta Koriya ta Kudu ta ɗora fiye da 100 na ƙasarta da fassara a ƙasan allo.

Tsadar tana wurin data. Fim mai awa biyu yana iya lashe gigabait guda ko fiye, ga shi an amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025. Dabarar Yaya ita ce datar dare: ya sauke fim bayan sha biyu, ya kalle shi kashi-kashi, rabi bayan Isha, rabi da rana idan kasuwa ta yi sanyi. Fassarar Turanci ba ta jiran mai karatu a hankali, don haka yatsansa kullum yana kan maɓallin tsayarwa.

Da ya ji cewa masu karanta ni ma'aikatan gwamnati ne da hadiman manya, sai ya ce lallai in gaya musu su nemi finafinai biyu.

Na farko Ikiru, na Akira Kurosawa, 1952. Shugaban wani sashe ne a ofishin hukumar birni, ya shekara 30 yana buga hatimi a kan takardun da ba sa zuwa ko'ina. Wasu mata suka kawo kuka a kan wani kududdufi mai wari a unguwarsu, aka yi ta tura su daga tebur zuwa tebur har suka dawo inda suka fara. Sai mutumin ya gano yana da cutar dajin ciki, kwanakinsa ƙidayayyu ne. Ya ciro fayil ɗin matan nan ya bi shi da ƙafarsa, ofis-ofis, yana roƙo yana naci, har aka cike kududdufin aka yi wa yara filin wasa. A zaman makokinsa abokan aiki suka yi rantsuwar koyi da shi. Da aka koma ofis kowa ya koma gidan jiya.

Na biyu Mandabi, na Ousmane Sembène ɗan Senegal, 1968, wanda aka yi da harshen Wolof kuma ya samu kyauta ta musamman a Venice. Wani magidanci a Dakar ne ɗan 'yar'uwarsa da ke shara a Paris ya aiko masa takardar kuɗi ta gidan waya, faran 25,000. Kafin a ba shi sai da katin shaida, katin shaida sai da takardar haihuwa da hoto, kowace takarda kuma da mai cin nata rabon. Kafin ya ga ko sisi, bashi ya yi masa katutu, unguwa kuma ta riga ta gama raba kuɗin a baki. Duk wanda ya taɓa bin haƙƙin fansho na mahaifinsa zai ga kamar a gabansa aka rubuta labarin.

A jerin akwai kuma Bicycle Thieves na 1948, da Pather Panchali na Satyajit Ray, da Touki Bouki na Djibril Diop Mambéty, da Yeelen na Souleymane Cissé ɗan Mali, wanda ya rasu a Fabrairun 2025. Akwai Sarraounia na Med Hondo, 1986, labarin sarauniyar Lugu a ƙasar Arewa ta Nijar da ta tsaya wa rundunar Faransa a 1899. Duk an ja musu layi.

Sunan da ba a ja wa layi ba

Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ba baƙo ba ne ga wanda ya yi Hausa a makaranta: yaron da aka sace, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, aka ƙetara hamada da shi, ya zama malami, da uwar da ta bi sawunsa har bauta ta cinye ta. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da shi fim da Hausa, da kuɗin gwamnatin tarayya, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun. Daga baya fim ɗin ya yi ɓatan dabo, har aka ɗauka ya salwanta.

A 2016 aka gano naɗe-naɗensa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai, bayan mai sharhin fim Didi Cheeka da abokansa na ƙungiyar masu son fim ta Legas sun fara tona tarin gwangwanayen fim masu tsatsa da aka manta da su. Cibiyar Arsenal ta Berlin ta gyara shi da tallafin ofishin jakadancin Jamus, aka nuna shi a bikin Berlin a Fabrairun 2018. Wannan aiki ya haifar da wani: a 2019 Jami'ar Jos ta fara digiri na biyu a kan al'adar fim da adana shi, tare da Hukumar Finafinai da Jami'ar Goethe ta Frankfurt. Ma'adanar fim da bidiyo da sauti ta ƙasa ma a Jos take.

Ke nan masu gyara suna Jos, ma'adana tana Jos, mai son kallo yana Katako, tafiyar da ba ta fi ta Keke Napep ɗaya ko biyu ba. Amma a duk manhajojin da ni da Yaya muke biya ba mu sami gyararren Shaihu Umar ba. Mutanen Berlin sun gan shi a babban allo, jikokin mutanen da aka yi labarin a kansu suna jin labarinsa a baki.

Ba shi kaɗai ba ne. Akwai Kanta of Kebbi na shi Adamu Halilun, da Kulɓa Na Ɓarna na Brendan Shehu, da Ƙasarmu Ce na Saddik Ɓalewa, da Ruwan Bagaja, da finafinan majigi irin su Baban Larai da aka riƙa zagaya ƙauyuka da su a mota ana koya wa manoma noman auduga. Matashin da ke shirya fim a Kano ko Jos a yau ya fi sanin Bombay da Istanbul a kan waɗannan, kuma ba laifinsa ba ne. Abin da ba a gani ba, ba a koyi da shi.

Yadda fim yake mutuwa

Fim ba dutse ba ne. Zaren fim na da, idan zafi da laima suka same shi, yakan fara fitar da wari mai tsami irin na ruwan kal, ya motse, ya lanƙwashe, launinsa ya koma ja-ja, daga ƙarshe ya manne ya zama dunƙule. Tururin gwangwani ɗaya da ya kamu yana hanzarta lalacewar na kusa da shi. Maganin sanyi ne da bushewa, dare da rana, ba yankewa. Sanyin Jos taimako ne, amma bai kai wanda zaren fim yake buƙata ba. Sai da wutar lantarki tsayayya da na'urar sanyaya ɗaki da ma'aikacin da ya san aikinsa.

Kaset ɗin bidiyo ya fi wannan rauni. Tun daga Turmin Danya na 1990, masana'antar finafinan Hausa ta zuba dubban finafinai a kan kaset da CD, mafi yawansu a hannun masu shirya su ko 'yan kasuwa, cikin shaguna da ɗakunan da rufinsu ke yoyo. Sangaya da Wasila sun tsira a intanet, ko da kwafi mai dishi-dishi ne, saboda sun yi suna. Na bayansu fa? A cikinsu akwai Hausar shekarun nan, da suturarsu, da fasalin titunan Kano da Kaduna da Jos kafin a rushe a sake gini.

Wani zai ce a lokacin da buhun shinkafa ya gagari albashi, wa yake ta tsohon fim? Tambaya ce mai nauyi. Sai dai hanya idan ba a gina ta bana ba ana iya gina ta baɗi, shi kuwa zaren fim idan ya narke ya tafi ke nan. Duniya ma ta gane haka: a 2017 gidauniyar fim ta Martin Scorsese da hukumar UNESCO da ƙungiyar masu shirya fim ta Afirka suka ɗaura aniyar gyara finafinan Afirka 50. Amma wanda ya gyara maka, shi yake fara nunawa, kuma a garinsa.

Fayil ɗin da ke kan tebur

A nan ne maganar ta iso Abuja. Abin da ya rage tsakanin Katako da Shaihu Umar ba fasaha ba ce, takarda ce, irin wadda masu karanta wannan shafi suke rubutawa ko suke miƙa wa mai gida ya sa hannu.

Finafinan da gwamnati ta yi da kuɗin jama'a, a tantance haƙƙin mallakarsu, a buɗe musu shafi na hukuma a intanet, kyauta, kamar yadda Koriya ta yi. Wutar ma'adana da na'urar kwafe fim zuwa kwamfuta su sami gurbi tsayayye a kasafin kuɗi, kada su zama abin da ake tunawa sai baƙi sun zo. Hukumar tace finafinai ta ƙasa da ta Jihar Kano suna karɓar kwafin fim kafin su ba shi izini. A yi tsarin da zai sa kwafi mai kyau ya wuce ma'adana. A bikin Zuma na kowace shekara a ware wa tsofaffin finafinan ƙasa zaure. Sannan a yi wa manyan finafinan Afirka fassarar Hausa. Kasuwar finafinan Indiya da ake juyawa zuwa Hausa ta riga ta nuna cewa masu kallo suna nan, harshe ne shingen.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin Ma'aikatar Fasaha, Al'adu, Yawon Buɗe Ido da Tattalin Arzikin Ƙirƙira, ko kwamitocin majalisa da ke duba kasafinta. Abin da ake buƙata shi ne mutum ɗaya da zai ɗauki fayil ɗin ya bi shi da ƙafarsa, ba tare da ya jira sakamakon asibiti ya tuna masa ba.

Daren da zan baro Jos, bayan an rufe rumfuna, muka zauna da Yaya da maƙwabtansa biyu, mai sayar da takalma da wani mai hatsi, aka jingina waya da kwalin shayi muka sake kallon Mandabi. Mai hatsin ba ya jin Turanci balle Wolof, Yaya ne yake fassara masa, amma shi ya fi kowa dariya, shi kuma ya fara yin shiru da labarin ya juya. Da aka gama ya tambaya ko mu ma muna da irin wannan, na da, da harshenmu.

Yaya ya jawo littafin daga ƙarƙashin benci, ya juya shi ta baya, ya haska masa sunan da ke sama da fitilar waya. Sannan ya dube ni ya ce, "Ƙanena, idan ka koma Abuja ka gaya musu muna jira. Biro na nan a aljihu."